Wa ke riƙe da yaro idan uwa ta fita?

(Jawabin da wata ƴar'uwarmu, malamar makaranta, ta yi a zaman tattaunawar mata da matasa a garin Bande, gundumar Magaria.)

Iyayena mata, yayyena da ƙannena. Ku ma samarin da kuka raɓe can baya ku matso, maganar yau da ku a ciki.

Kwanakin baya ƙanwata da ke aure a Faransa ta kira ni ta WhatsApp. Na gan ta zaune ita kaɗai tana shan shayi, na ce ke ina yaran? Ta ce suna gida da mai raino. Ta nuna mini wata manhaja a wayarta, Yoopies sunanta. Uwa za ta shiga ta ga masu raino da ke kusa da unguwarta, ta karanta shaidar da wasu iyaye suka yi musu, ta zaɓi ɗaya, su daidaita kuɗin awa, shi ke nan. A Amurka ma akwai irinta, Care.com. Na ce to unguwa za ki ne? Ta ce ba inda za ni, hutawa nake. Wallahi dariya na yi har da ƙwalla. Hutu da rana tsaka, kuma har a biya kuɗi!

Da na kashe wayar sai jikina ya yi sanyi. Na tuna ai mu ma muna da tamu manhajar, ba ta cin kati, ba ta neman rezo, ba a biyanta ko dala. Sunanta babbar ɗiya.

Kun san yinin uwa a nan. Tun asuba tana tsaye: ruwa, itace, surfe, kai niƙa, kunun yara. In damina ce ga gamanarta ta gyaɗa ko riɗi tana jira. In mai sana'a ce ga tuyar ƙuli-ƙuli, in ma'aikaciya ce ƙarfe takwas ta same ta a wurin aiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a tsaka-tsaki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta faɗa a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya, mata ke yin sa a duniya baki ɗaya. Dokar aiki ta 2012 ta ba mace mai albashi hutun haihuwa na makonni 14, da awa guda ta shayarwa kullum har yaro ya shekara. Madalla. Amma mai ƙosai a bakin hanyar Damagaram, wa ya ba ta hutu? Kuma a wata na huɗu, wa zai riƙe jaririn?

Ku dubi lokacin zazzaɓin damina, sa'ad da sashen yara na asibitin Magaria ke cika, inda likitocin MSF suka daɗe suna aiki. Uwa ta kwanta jinya da ƙaramin, kwana biyar, kwana bakwai. Sauran huɗun da ke gida, yarinya ƴar shekara goma ce uwarsu.

Bari in tona wa kaina asiri. Da na haifi na uku, na aika ƙauye aka kawo mini ƴar raino, ɗiyar dangi, shekararta goma. Na yi wa uwarta alkawarin zan sa ta lakkol. Shekara biyu tana gidana, kullum sai in ce bari a yaye yaron tukuna. Ni ina aji ina kiran suna, ina faɗa don ƴan mata sun yi fashi ranar kasuwa, ita tana gidana da goyo. Wata rana na dawo na tarar kunu mai zafi ya zubo wa yaron a ƙafa. Ta riƙe shi tana kuka, yana kuka. Na ɗaga hannu zan mare ta, sai na ga tsawonta ko kafaɗata bai kai ba. Yaro na bar wa yaro. Ƙunar ta warke, tabon yana nan. Na sa ta lakkol bayan haka, amma shekarun nan biyu ba ni da inda zan samo mata su.

A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace. Doka mai kyau ce, sai dai doka ba ta goyo. Muddin ba a samo wanda zai riƙe ƙanen ba, yayarsa ce za ta bar aji.

To manhajar Turawa ce mafita? A ganina a'a. Mata da yawa a nan ba su da babbar waya, kuɗin awa ba kowa ke da shi ba, kuma wace uwa ce a Bande za ta miƙa ɗanta ga wadda ta gani a hoto? Amma akwai abu uku da na ara daga gare ta: a san wadda za a bar wa yaro, a yanka lokaci, kuma a ɗauki raino a matsayin aiki da ake ramawa.

Sauran dabarar tamu ce ta gida. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara da matan jihar Maradi a 1991, yau ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Mun iya adashe. Sai muka ce, mu shida a layinmu, mu yi adashen da zubinsa lokaci ne. Ranar Laraba da Asabar, daga la'asar zuwa magariba, mata biyu su riƙe yaran duka a gida ɗaya, huɗu su samu kansu. Muna juyawa. Masu WhatsApp a tuna musu a can, marasa shi a aika yaro.

Ƙa'idojinmu kaɗan ne. Babbar mace ke riƙo, ba a miƙa wa ɗiyar gida. Ba a hura wuta inda yara suke, rijiya da randa a rufe. Yaro mai tari ko ƙuraje ya zauna wurin uwarsa. In jiki ya yi zafi a kira uwa nan take, ba a ba ɗan wata magani. Ta ƙarshe ita ta fi wuya: ba a tambayar mace ina za ta.

Ba zan ce muku lami lafiya aka yi ba. Wata kullum ta kawo nata, ranar riƙonta sai ciwon kai, har muka fara rubutawa a littafi. Mijin wata ya hana, wai za a ce matarsa ta kasa da ƴaƴanta. Gulma kuwa mun sha ta. Amma ɗaya ta koma karatun yaƙi da jahilci, ɗaya ta daina fashin awo. Ni kuwa ranar farko, kun san abin da na yi? Barci. Na rufe ɗaki na yi barci har aka kira magariba, na tashi ban daka wa kowa tsawa ba.

Yanzu ku maza. Makarantar mazaje da UNFPA ta tallafa, a nan jiharmu ta Damagaram aka fara ta, maza suka zauna suna maganar awo da haihuwa a asibiti, kuma rawaninsu bai faɗi ba. Awa biyu daga cikin zaman fada, ka ɗauki ɗanka ka zaga da shi, ba taimakon matarka ka yi ba, naka ne.

Ku kuma ƙannena da ke Damagaram da Yamai, masu neman a kawo muku yarinya daga ƙauye, ku tambayi shekarunta kafin ku tambayi ko ta iya wanki. In babba ce ku yanka mata albashi ku biya a kan lokaci. In ƙarama ce, wurinta aji.

Roƙona ga magajin gari da masu unguwanni: rumfa ɗaya mai inuwa kusa da kasuwa, da tabarmi, da ruwa mai tsabta, da mata biyu amintattu da za a riƙa biya. A Burkina Faso an yi irin wannan wa matan da ke aikin gayya na kuɗi, a kafa rumfar raino a gefen wurin aiki. Bai fi ƙarfinmu ba.

Wadda ke son fara adashen a layinta ta same ni bayan an tashi, littafinmu yana jakata. Allah ya raya mana zuri'a.