Mantuwa Bayan Buguwar Kai: Nauyin Da Ya Rataya a Wuyanmu



Mun shafe fiye da shekara talatin muna riƙe da alli, muna fama da mantuwar yara. Yau kuwa mantuwar manya ce ta tsayar da mu a gabanku, wato wadda ke biyo bayan buguwar kai.

Wani tsohon ɗalibinmu, magidanci mai kanti, ya faɗi da babur a hanyar Kano zuwa Daura, babu hular kwano a kansa. Karaya ta ɗinke, asibiti suka sallame shi. Ya dawo gida yana iya lissafa abokan ajinsa na firamare, amma bai san ko ya karya kumallo ba. Ya karɓi kuɗin ciniki ya ce ba a ba shi ba. Wasu suka kira shi maha'inci, wasu suka ce iskoki ne, har surukansa suka fara zancen raba aure.

Likitoci sun bayyana cewa can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wani sashe da ke adana sababbin abubuwa. Idan ya raunana, tsohon sani yakan zauna, sabo kuwa ya zube kamar ruwa a kwando. A shekarar 1953 an cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, wannan sashe saboda farfaɗiya. Har ya rasu a 2008 ba ya riƙe sabon labari, amma ya iya koyon aikin hannu ta hanyar maimaitawa. Ashe ƙofar koyo ba ta rufe gaba ɗaya.

Hanyoyi uku masana suke bi, kuma duk malamin makaranta zai gane su. Ta farko, a ba majiyyaci littafin tunatarwa ya riƙa rubuta duk abin da ya yi da wanda zai yi, a kuma saita masa ƙararrawar waya don lokacin shan magani. Ta biyu, bita mai tazara: a faɗa masa abu ɗaya, a tambaye shi bayan minti ɗaya, sai biyu, sai huɗu, ana ƙara nisa. Tun 1885 Bajamushen nan Ebbinghaus, wanda muka karanta a kwalejin horon malamai, ya nuna amfanin raba bita, kuma alarammominmu sun daɗe suna tsare hadda da tilawa. Ta uku, kada a bar shi ya yi canke. A 1994 Baddeley da Wilson na Ingila sun nuna cewa mai wannan lalura yakan riƙe kuskurensa ya manta gyaran. Don haka a ba shi amsa daidai tun farko.

Wannan horo ba ya mayar da ƙwaƙwalwa yadda take a da. Sanda ce ta dogarawa. Kuma ba ya maye gurbin likita. Wanda ya bugu a kai yana amai, ko barci mai nauyi, ko jini na fita ta kunne, a garzaya da shi asibiti. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ɗalibin namu, bayan watanni, ya koma kantinsa da littafi a aljihu, iyalinsa kuma tana ɗakinta.

Roƙonmu ga wannan ƙungiya biyu ne. Mu tsaya a kan matasanmu su sa hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa a Janairun 2009. Sannan mu tsofaffin malamai mu ba da sa'a ɗaya a mako ga irin waɗannan gidaje, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.