Mota Tana Ɗigar Mai: Daga Ina Ya Ke Fitowa?

 Yau maganarmu a kan mota ce. Ta shafi direba, ta shafi yaron mota, ta shafi mai motar kansa.

Ka ajiye mota da dare a ƙofar gida. Gari ya waye, ka ja ta baya, sai ka ga baƙin tabo a ƙasa kamar faɗin tafin hannu. To, a nan mutane su kan rabu biyu. Wani ya sa ƙafa ya tura ƙasa ya rufe tabon, ya ce ai tsohuwar mota ba ta rasa ɗiga. Wani kuwa hankalinsa ya tashi, ya ruga gareji ya ce a sauke masa injin. Na farko zai kashe injinsa, na biyu zai kashe kuɗinsa. Abin da mu ke so yau shi ne mutum ya iya gane abu biyu da kansa: wane irin mai ne ya zuba, kuma ta ina ya fito.

Injin ƙaramar mota yana cin baƙin mai wajen lita 4, watau galan guda irin wanda a ke sayarwa a shago. Wannan mai shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna. In ya ƙare, ƙarafan su yi zafi su kama juna, shi ne a ke cewa injin ya buga. Wani zai ce ai yana ƙarawa kullum. To, bari mu yi lissafi. Wanda ya ke ƙara rabin lita ko wane mako, a shekara ya zuba lita 26 ke nan, watau galan shida da rabi, duk ƙasa ta shanye. Kuma ran da ya manta bai ƙara ba, ran nan ne tafiya mai nisa za ta taso.

Abin farko da za ka nema kwali ne. Ka sami babban kwali mai tsabta, ka buɗe shi, ka shimfiɗa a ƙarƙashin mota da dare bayan ka dawo daga aiki. Ka ajiye motar inda ƙasa ta ke daidai, ba gangare. Ka ɗauki gawayi ka yi alama a kwalin, nan ne gaba, nan ne gefen direba. Ka ɗora duwatsu kada iska ko akuya ta ja shi. Da safe ka jawo shi ka duba. A ƙasa ko wane mai baƙi ne, amma a kan kwali ko wanne ya kan nuna kamanninsa.

Ka dangwala yatsa, ka murza, ka sansana. Kada dai ka kai baki.

Man injin in sabo ne kamar zuma ya ke, in ya yi aiki ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi ƙirin, musamman a motar gas. Man giya da na aksul ya fi shi kauri, yana kuma da wani wari mai kama da farar wuta ko ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya sansana shi sau ɗaya ba ya mantawa. Mota mai canja giya da kanta, yawanci manta ja ne, in ya tsufa ya yi duhu. Na sitiyari ma sau da yawa haka ya ke, ko da ya ke sababbin motoci da yawa sitiyarinsu da lantarki ya ke aiki, ba shi da mai sam. Ruwan lagireto kore ne ko ja in an zuba na kanti, mai tsatsa in ruwan rijiya a ke zubawa. Na kantin nan yana da zaƙi, amma guba ne, saboda haka a rufe shi da ƙasa kada yaro ko dabba su lasa. In kuwa ka ga ruwa garai-garai, ba wari ba santsi, a gaba wajen gefen fasinja, bayan ka yi tafiya da na'urar sanyi a kunne, wannan raɓa ce kawai, kada ta dame ka.

Akwai biyu da ba a kwana da su. Ɗaya fetur ne, hancinka zai gaya maka tun ba ka sunkuya ba. Ɗayan man birki ne. Shi fari-fari ne ko rawaya-rawaya, ya kan ɓullo a cikin taya ta ciki, ko a gaban inda direba ke zama. In kana shakka, ɗiga shi a gwangwanin ruwa. Man injin ya kan taso sama ya yi ta yawo, man birki kuwa ya kan gauraya da ruwan ya ɓace. In ka tabbata shi ne, motar nan ba ta ɗaukar kowa sai an gyara, ko da an riga an yi lodi. Injin da ya buga a kan sayi wani. Birki in ya ƙi kamawa a gangare, magana ta wuce ta kuɗi.

Inda tabon ya faɗa a kwali shi ma yana ba da labari, amma sai ka san ginin motarka. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, tayoyin baya ke tura ta. Haka Hiace da Hilux. Irin waɗannan injin na gaba, giya na tsakiya, aksul na baya, saboda haka tabo mai wari a tsakanin tayoyin baya na aksul ne. Golf da Corolla na yanzu kuwa tayoyin gaba ke jan su, injin da giya suna gefe da gefe a gaba, sai launi da wari su raba maka su.

To, mu ce ka tabbata man injin ne. A nan ne mutane su ka fi ɓata. Ku tuna da soro da damina. Ruwa ya kan shiga ta tsaga a kusurwar gabas, ya bi azara, ya zo ya ɗiga a tsakiyar ɗaki. Wanda ya hau ya yi yaɓe daidai saitin inda ya ga ɗigon, gobe ma zai tara kwano. Haka mai ya ke. Yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, in mota tana gudu kuma iska ta kora shi daga gaba zuwa baya. Kusan ko wane yoyo a ƙarshe a gindin injin ya ke taruwa, shi ya sa a ke yawan ɗora wa kwanon mai laifin da ba nasa ba. Hausawa sun ce ba a duban inda aka faɗi, sai inda aka yi tuntuɓe. Ka bi jiƙar nan da ido, ka yi sama, ka yi gaba, har ka kai inda ta ƙare. Wurin da ya fi ko ina tsawo da ke jiƙe, nan ne mafari.

Sai dai injin da ya shekara yana shan mai da ƙurar hanya ba ya nuna komai, duk ya zama baƙin laka. Dole a wanke. Ka bari ya huce. Ka rufe kayan wuta da leda. Ka sa kananzir da buroshi ka goge, sa'an nan ka share da tsumma ka bar shi ya bushe. Kada ka yi wankin nan da fetur, ko da ka ga ana yi a gareji. In ya bushe, ka barbaɗa farar hoda, ko toka da aka tankaɗe, a jikin injin ta waje, murfin mai yana rufe. Ka ta da mota ta yi minti 10 ko 15 a tsaye, ka kashe, ka haska tocila. Sabon mai zai ja baƙin layi a cikin farin, kamar sawun maciji a rairayi. In bai nuna ba, ka yi 'yar tafiya ka dawo ka sake dubawa. Manyan gareji suna da wani rini da a ke zubawa a cikin mai, ya yi ƙyalli in an haska shi da fitila ta musamman. Aikinsu ɗaya da hodar nan.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, ku saurara da kyau. Jak na ɗaga mota ne a canja taya, ba a kwanciya a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A je inda akwai rami, ko a tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko gungumen katako mai ƙwari, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi. Bulon siminti ya kan fashe ba sallama. In injin yana aiki, a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun riga, gama fanka da fanbel ba su san mai su ba. Fankar lantarki ma ta kan tashi da kanta bayan an kashe mota. Ba a haskawa da ashana, ba a shan taba, ba a kuma ta da injin a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

Yanzu ina za ka duba? Fara da mai arha. Murfin da a ke buɗewa a zuba mai, ko ya rufu sosai? Sa'an nan gasket ɗin murfin saman injin. Zafi ya kan busar da shi ya tsage, mai ya gangaro ta gefe. In ya sauka a kan bututun hayaƙi za ka ji ƙauri, wannan kuwa yana iya ta da gobara. Ƙasa da nan akwai wani ɗan ƙarfe mai waya a kansa, shi ke kunna jar fitilar mai a gaban direba. Ƙarami ne, amma in ya tsage ya kan jiƙa rabin injin.

In yoyon ya fara ne bayan an yi juye, to, kada ka yi nisa. Duba filta da notin da a ke kwancewa a juye mai. Wani lokaci robar tsohuwar filta ta kan manne a jikin injin, yaron gareji bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu ba su riƙe mai, kuma irin wannan yana iya zubar da galan guda cikin 'yan mintoci. Filta da hannu a ke ɗaure ta. Notin kuwa yana da washa da ya kamata a riƙa sakewa, amma sai a bar tsohuwa a yi ta ɗaurewa da ƙarfi har zaren ya cinye. Kwanon mai kansa, dutse ya kan buge shi a hanyar ƙauye.

Ga wata dabara. Yoyon da ke ci gaba mota tana kwance kwana biyu, daga ƙasa ya ke, inda mai ke kwanciya, watau kwanon ko notinsa. Wanda ba ya tashi sai injin yana aiki, a nemi filta, da ɗan ƙarfen fitila, da sil.

Sil zoben roba ne da ke kewaye da sandar da injin ke juyawa, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Na gaba in ya mutu, fanbel ya kan watsa mai ko ina. Na baya ya kan ɗiga daidai inda injin ya haɗu da giya, in abin ya yi yawa ya jiƙa kuloci, ka taka mota ta yi ta kuka ba ta ja. Zoben ba shi da tsada, amma ba a kai gare shi sai an sauke giya.

Mun san wani direba da aka ce masa sil ɗin baya ne, don an ga ɗigo a wurin. Aka sauke giya, ya yi kwana biyu bai yi lodi ba, ya biya kuɗin aiki. Kwana uku tabo ya dawo inda ya ke. Da aka wanke injin aka barbaɗa hoda, sai ga layi ya taso tun daga kusurwar baya ta murfin sama, ya bi bayan injin ya sauka a mahaɗar giya. Gasket ne na aikin rabin awa. Ba mu ce makanikin macuci ba ne. Ya duba inda aka faɗi ne kawai. Saboda haka in an ce maka a sauke giya, ka ce, "Maigida, a wanke mu gani tukuna." Makaniki na ƙwarai ba zai ji haushi ba.

In an sa sabon sil ya sake mutuwa, ko ka ga injin yana tsatsafo ta ko ina lokaci guda, akwai abin da ke tura man daga ciki. Injin yana da ɗan bututun da ya ke numfashi ta nan. In ya toshe, iska ta rasa hanya, sai ta nemi inda ya fi rauni. Haka kuma in ringi sun cinye, ko an cika mai ya wuce ƙa'ida. Zuba mai mai kauri don a rage ɗiga, ko liƙa sabulu a kwanon da ya huje, dabarar kai mota gari ce, ba gyara ba.

Kafin a gyara, geji shi ne abokinka. Ko wace safiya, mota tana daidai, injin a kashe, ka zaro shi, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa, mai ya tsaya a tsakaninsu. A yawancin ƙananan motoci daga zanen ƙasa zuwa na sama wajen lita ɗaya ne. Ka rubuta ranar da ka ƙara da yawan abin da ka ƙara, makaniki zai so ya sani. In mai yana raguwa amma kwali ya kwana fes, injin ne ke ƙone shi, duba salansa za ka ga hayaƙi shuɗi-shuɗi. In kuwa ka ga man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, wannan aikin gareji ne tun yau. Jar fitilar nan kuma in ta kama kana cikin tafiya, ba cewa ta ke yi ka ƙara mai in ka isa ba. Cewa ta ke yi mai ya daina zagawa. Ka sauka gefen hanya ka kashe injin nan take.

Bayan an gama gyara a sake wanke wurin, don tsohon mai da ya maƙale ya kan yi kwanaki yana ɗiga, ka zaci aikin bai yi ba. Sa'an nan ka shimfiɗa sabon kwali dare uku a jere, ka duba shi ko wace safiya kafin ka ta da mota.