Ba Kowane Kumburi Ba Ne Tamowa

Ya ku iyaye mata da wakilan lafiya na unguwannin Yamai:

Kun saba da awon damtsen yaro da danna ƙafafunsa don gano tamowa. Amma akwai yaron da ke cin Plumpy'Nut yadda aka tsara, mako ya bi mako, nauyinsa bai motsa ba. Kada ku yi saurin ɗora wa uwa laifi. Wani yaron ana haihuwarsa da ƙoda mai rauni ko toshewar hanyar fitsari, ciwon kuma yana ci a ɓoye, yana hana girma.

Ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da datti da rarar ruwa. Saboda haka labarinta a fitsari yake. Ku lura da waɗannan alamu:

Jariri namiji yana yunƙuri da kuka in zai yi fitsari, fitsarin na ɗiga maimakon ya tsarto, mararsa ta yi tauri.

Zazzaɓi yana yawan dawowa, alhali awon jini bai nuna maleriya ba.

Ƙishirwa da yawan fitsari dare da rana, ko fitsari mai kumfa ko jini.

Kumburin fatar ido da safe. Kumburin tamowa yakan fara ne daga ƙafafu biyu.

Ke uwa, in hoton ciki ya nuna ƙarancin ruwan mahaifa ko kumburin ƙodar ɗan tayi, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya ranar haihuwa.

Wakilai, aikinku ba yanke hukunci ba ne. Ku tambayi uwa yadda yaro ke fitsari, ku raka ta CSI a ranar. Awon fitsari da na jini da hoton ƙoda su ne ke tabbatar da ciwon, kuma akwai sashen masu ciwon ƙoda a asibitin ƙasa na Amiru Bubakar Jallo da ke Lamorde.

Kafin ganin likita, a ci gaba da shayarwa. Kada a ba yaro jiƙe-jiƙe, kanwa ko ƙwayoyin masu talla, musamman ibuprofen, domin yana ƙara raunana ƙoda.

Toshewar da aka buɗe da wuri takan ceci ƙoda, wadda ta lalace kuwa ba ta komawa yadda take. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.