Wayar Hannu da Iyakar Gona

Duk manomin Kutawa da ya auna gona da waya ya ga yadda ɗigon taswira ke tsalle, musamman kusa da duwatsu. Taurarin GPS na nisan kilomita kusan 20,000, saƙonsu kan iso da rauni, kuma kuskuren mita 5 ba baƙon abu ba ne. A rikicin iyaka, kunyoyi nawa ke nan?

Cikin wayar akwai na'urori masu jin motsi da juyi. Idan saƙon sama ya yanke, su ke lissafa taku da alƙibla. Da ya dawo, sai ya gyara kuskuren da suka tara. Ina roƙon ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su gwada wannan haɗi a gonakin Kurfi.