MATAR DA KE BAYAN WAƘA: TARIHIN DIANE WARREN

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka ne, mu duba wani fim na tarihi da aka yi a kan wata mata wadda da yawa daga cikinmu mun sha jin aikinta amma ba mu san sunanta ba.

Wadda duk ta taɓa sauraron kaset ɗin Celine Dion, da wuya a ce ba ta ji waƙar nan "Because You Loved Me" ba. To, ba Celine ce ta tsara ta ba. Wata mata ce mai suna Diane Warren ta zauna ta rubuta. Kamar dai yadda ake yi a finafinanmu na Hausa ne, ki ga 'yar wasa tana motsa baki, alhali murya ta wata ce, baitin kuma wataƙila na wani ne daban.

Sunan fim ɗin "Diane Warren: Relentless", wato dai mai naci, wadda ba ta gajiya. Wata mata ce, Bess Kargman, ta shirya shi, aka fara nuna shi a 2024. A ciki an yi hira da ita Diane ɗin, da manyan mawaƙa irin su Cher da Gloria Estefan da Jennifer Hudson.

An haife ta a 1956 a Van Nuys, cikin jihar Kalifoniya, ita ce auta a 'yan mata uku. Tun tana ƙarama ta kamu da son tsara waƙa. Mahaifinta, wanda ma'aikacin inshora ne, shi ya saya mata jita, shi ke ɗaukar ta yana kai ta wurin masu harkar waƙa. Mahaifiyarta kuwa so ta yi yarinya ta nemi aikin sakatariya, ta sami albashi, hankali ya kwanta. Kada mu yi saurin ganin laifin uwar nan. Tsoro ne irin na uwa, kowaccenmu ta san shi. Sai dai ku duba abin da ya biyo baya. Waccan waƙa ta Celine Dion, wadda aka sa a fim ɗin "Up Close and Personal" na 1996, mahaifinta ta rubuta wa, don godiya a kan yarda da ya yi da ita. Waƙar ce kuma ta ba ta kyautar Grammy. Saboda haka idan kika ga 'yarki ta maƙale wa wani abu, zane ne, ɗinki ne, rubutu ne ko lissafi, kafin ki ce shirme ne, zauna ki tambaye ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma a duba inda ya dosa kafin a tanƙwara.

Batun naci kuwa, akwai labarin da Cher kanta take bayarwa. Da aka kawo mata waƙar "If I Could Turn Back Time", cewa ta yi ba ta so. Diane ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa har sai da ta yarda ta rera. Waƙar ta fito a 1989, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sanin Cher da su. A harkar fim ma haka take. Ita ta tsara waƙoƙin da aka sa a "Mannequin" na 1987, da "Con Air" na 1997, da "Armageddon" na 1998. Daga 1988 zuwa 2025, sau 16 ana sa sunanta a takarar Oscar, kyautar da ta fi kowacce girma a finafinan Amurka, duk tana faɗuwa. A 2022 ne aka ba ta Oscar ta karramawa. Sau 16 fa, 'yan'uwa! Mu kuwa sau ɗaya kayan sana'a suka yi kwantai sai mu kife tukunya.

Akwai wani abin da nake so masu sana'a su riƙe. A shekarun 1980, bayan ta sami saɓani da wanda ta fara ƙulla yarjejeniya da shi, sai ta kafa kamfaninta mai suna Realsongs, don haƙƙin mallakar waƙoƙinta ya zauna a hannunta. Ma'ana, duk lokacin da aka sa waƙarta a rediyo ko a fim, kuɗin yana zuwa wurinta. Marubuciya, mawaƙiya, mai haɗa turare, kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba. In ba ki gane ba, nemi wanda kika amince da shi ya karanta miki.

Sai magana mai nauyi. Bayan ta manyanta, Diane ta faɗa a fili cewa tana 'yar shekara 12 wani babban mutum ya ci zarafinta. Ita ce ta tsara "Til It Happens to You" tare da Lady Gaga, don wani fim na 2015 a kan fyaɗe a jami'o'in Amurka. Ku duba tsawon shekarun da yarinya kan yi tana ɗauke da irin wannan ciwo. Iyaye mata, mu ja 'ya'yanmu a jiki. Yarinyar da ta san uwarta za ta saurare ta ba tare da duka ko gori ba, ita ce za ta buɗe baki da wuri.

Ban ce ku ɗauki rayuwarta dungurungum ba. Ba ta taɓa aure ba, aiki ta sa gaba dare da rana, al'adarsu kuma daban da tamu. Abin da ya dace da mu shi za mu tsinta: a saurari yarinya, a riƙe sana'a da naci, a kare haƙƙin gumi.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.