Jawabi Kan Zaman Yau Da Kullum A 'Yargoje



A 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, da damina yini yakan fara ne da sallar asuba da koko, sa'an nan manomi ya saɓa fartanya ya nufi gonar masara ko dawa. Da la'asar hayaƙin tuwo ya tashi daga gidaje, samari kuwa su hallara a filin ƙwallo. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai a ji kiɗan dambe. Haka al'adar take har Faskari da Sabuwa.

Wannan zama ne 'yan bindiga suka girgiza. A watan Disamba 2020 sun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A watan Yuni 2024 suka auka wa 'Yargoje kanta, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Ran da manomi ya ji tsoron gonarsa, tukunyar Funtuwa da ta Katsina sai ta ji a jikinta.

Saboda haka, wanda duk ya kama aikin gwamnati a cikinmu, malamin makaranta ne ko na asibiti ko na gona, kada ya mai da waɗannan garuruwa saniyar ware. Hatsinsu muka ci muka yi karatu.

Allah ya maido musu da zaman lafiya, amin.