Hannu Biyu A Asusu Ɗaya



Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mun gan shi da idonmu. Daga nan jama'ar Zabi da Samaru da Sabon Gari suka rungumi tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Tambayarmu a yau ita ce: me ke hana lissafi rikicewa idan hannu biyu suka kai ga asusu ɗaya a lokaci guda?

A ƙaddara ɗan kasuwa yana da naira 10,000 a banki. Yaronsa yana cire 8,000 a kasuwar Samaru, shi kuma a wannan daƙiƙa yana tura 7,000 daga Sabon Gari. In kwamfuta ta duba wa kowannensu ta ga 10,000, sai ta biya duka biyun. An fitar da 15,000 ke nan daga inda babu su.

Magani na farko shi ne kulle. Wanda ya riga isa sai a kulle masa asusun har ya gama, na biyu ya jira. Jim Gray da abokan aikinsa a kamfanin IBM ne suka shimfiɗa ƙa'idarsa a 1976. Amma kulle yana jawo dogon layi. Magani na biyu, a bar kowa ya ci gaba, sai a ƙarshe a duba. In an yi karo, a soke aikin ɗaya ya sake daga farko. Ko wanne aka bi, sharaɗi ɗaya ne: kuɗin da aka cire a nan dole su isa can, ko kuwa su koma wa mai su.

Wahalar tana ƙaruwa idan an rarraba bayanan a kwamfutoci masu yawa a garuruwa daban-daban, domin sai sun yarda da wane ne ya riga. Saboda haka tsarin Spanner, wanda Google ya bayyana a 2012, yake dogara da agoguna masu tsananin daidaito.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu riƙe albashin ma'aikata da rabon gadajen ɗalibai. Kafin ofishinmu ya sayi kowane tsari, mu tambayi mai sayarwa: in mutum biyu suka nemi abu ɗaya a lokaci guda, wa zai samu, kuma yaushe kuɗin ɗayan za su dawo? In ya kasa amsawa, kada mu sa hannu.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalam.